Ƙafafun Inna da ruwan Tiga

Jiya da la'asar ina zuba wa Inna ruwan randa a ƙafa, sai ta lumshe ido ta ce, "Wannan sanyi kamar bakin dam ɗin Tiga."

Ciwon jijiya ne da ita. Ƙafafunta zafi suke kamar ta taka garwashi, ko zani ba ta so ya taɓa su.

Likitanta a Kano ya taɓa gaya mana cewa a wasu ƙasashe ana haɗa magani da ganyen wiwi, a fesa a baki, yana rage wa wasu zafin. Amma a nan doka ta hana. A ranar, kunyar jin zancen wiwi a gaban Inna ta sa na sunkuyar da kai.

Jiya dai na daure na ce, "Inna, da maganin zai zo, za ki yarda?"

Ta yi dariya. "Ni da na bi yayanki da muciya don na ji warin wiwi a rigarsa? So kike a ce na zama 'yar tasha?"

Can kuma ta ce, "Amma in likita ya miƙo da hannunsa, zan karɓa. In taka da ƙafata har Tiga, in shiga ruwa, in nuna miki inda gidan kakarki yake a ƙarƙashi, tun da dam ya cinye shi."

Tun jiya nake ganinmu a can, zaninta ya jiƙe, ba ta ce wayyo ba.

Don Allah, masu irin majinyacin nan a gida, da me kuke sanyaya musu?