Ranar da Na Ɗaure Mu da Igiya Ɗaya

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Tsohuwa ce ke rubuto maka daga Tamale, amma labarin na wata budurwa ce mai rawar kai, wato ni, a shekarun da Gana ta karɓi mulkin kanta. Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar midil, wadda ake shiga bayan firamare, babana yana fataucin goro, gidanmu yana cikin zango. 'Yan matan unguwarmu masu zuwa boko ba su da yawa, don haka nake jin kaina kamar ni na ƙirƙiro karatu. Da aka buɗe ƙungiyar sikawut ta 'yan mata a makarantarmu, ni ce ta farko a layi. Aka ba ni riga mai aljihu biyu da ƙyallen wuya da usur, daga baya aka naɗa ni shugabar rukuni. In na ratsa kasuwa da wannan shiga, da ƙyar nake amsa gaisuwar sa'o'ina.

Malamar da ke kula da mu mutuniyar Kudu ce, Kirista, muna ce mata Madam. Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta, har akuya mai ciki. Muna yi mata dariya a bayan ido, amma muna son ta ƙwarai. Ita ta koya mana ɗaure rauni, da ɗaukar majinyaci a kan gora biyu da zane, da hura wuta ko itace ya jiƙe. Ran Asabar mukan je sharar asibiti, ko mu taka har Choggu, wanda a lokacin ƙauye ne, mu ɗebo wa tsofaffi ruwa. Amma abin da na fi kowa iyawa shi ne ƙulli. Akwai na haɗa igiya biyu, akwai na kafa tanti, akwai madauki wanda ba ya zamewa, akwai kuma zarge, wanda in an ja sai ya ƙara matsewa. Ido rufe nake yin su, hannu a baya, don a gani a yaba. Madam ta sha gaya mana cewa zarge na ƙunshin itace ne, ba a yi wa jikin mutum. Na ji, har ni nake maimaita wa sababbin shiga.

Akwai wata yarinya 'yar maƙwabciyarmu mai sayar da koko. Shekarunta ba su wuce takwas ba, siririya, ga surutu kamar aku. Ita kaɗai ta rage wa uwarta, sauran duk sun koma tun suna goye. Ba ta isa shiga ƙungiya ba, amma ta yanke bakin tsohon zanen uwarta ta ɗaura a wuya, duk inda na sa ƙafa tana biye da ni tana Yaya, Yaya. Ni ma ƙanwata nake ce mata, don ba ni da wata. In mun yi fareti tana can gefe tana wurga hannu da ƙafa ɓangare ɗaya, mu yi ta dariya.

Sai labari ya zo cewa wani babban mutum daga Ankara, babban birnin ƙasar, zai zo ya yi jawabi a babban filin gari, kuma an nemi 'yan ƙungiyarmu su yi aikin sa kai: mu tsaya layi a gaban rumfa mu tsare hanya, mu riƙa ba tsofaffi ruwa. Murna kamar an ce za a kai mu Makka. Manya kuwa ba murna suke ba. Garin ya rabu gida biyu a kan siyasa, wa da ƙane sun daina cin tuwo a kwano ɗaya, kowane dare ana jin an fasa wa wani kai. Saboda haka 'yan sanda suka ce ba mai shiga filin da wuƙa ko sanda. Muka bar 'yan wuƙaƙenmu na sikawut da gorarmu a makaranta. Ƙanwata ta yi ta kuka tana birgima sai an je da ita. Uwarta ta ƙi, ta ƙi, har ta gaji. Da safen ranar taron ta kamo hannun yarinyar ta saka a nawa, ta ce amana ce ta ba ni, kada in bari ta yi nisa da ni ko da taku ɗaya. Na ce Mma, ta kwantar da hankalinta, ai aikinmu ke nan.

Tun a hanya na ga abin ya fi ƙarfin usur. Mutane sun kwararo daga ƙauyuka, masu kalangu da masu goge, ga lorori cike da samari suna waƙa. Kafin mu isa rumfa ƙananan cikinmu sun ɓace sau biyu, sai da na yi ta kutsawa ina jawo su. A nan dabarar ta zo mini, na kuma ɗauke ta babbar basira. Ina da doguwar igiyar tanti a kugu. Na ce bari in ɗaura hannun hagun kowa a jikinta, layi ya miƙe, ba mai ɓacewa. Na tambayi Madam, tana tsakiyar magana da masu shirya taro, ta gyaɗa kai ba tare da ta juyo ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yi musu madaukin da ba ya zamewa, na sa kaina a ƙarshe, ƙanwata kusa da ni. To ita hannunta kamar tsinke, sai ta riƙa zare shi tana mayarwa tana yi mini gwalo. Haushi ya kama ni, ga maganar uwarta a kunnena. Na kwance madaukin na yi mata zarge. Ta ce Yaya, ya matse. Na ce ta yi mini shiru, 'yar sikawut ba ta raki. An yi yayyafi da asuba, igiyar tana da danshi, ban ko kula ba.

Babban mutumin bai yi nisa da jawabi ba aka fara ihu daga bayan fili. Na ɗauka tafi ne. Sai na ga dutse ya wuce ta saman kanmu ya sauka a kwanon rumfa, wani ya biyo shi, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Wani dattijo da na ba ruwa ɗazu ya dafe goshi, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Samarin ɓangaren nan suka karya benci suka yi kan na wancan. 'Yan sanda suka shigo da kulki suna dukan duk wanda ke gabansu, aka harba barkonon tsohuwa, iska ta juyo da shi kanmu. Daga nan kowa ya yi ta kansa. Dubban mutane suka juyo da gudu suna neman hanya, hanyar kuwa ita ce wadda muka tare da igiyarmu.

Da ba a ɗaure muke ba, da kowace ta sulale ta tsakanin ƙafafu, yara ai ba su da wuyar tsira. Amma wadda ta yi gabas sai ta fizgo wadda ta yi yamma. Mutane suka riƙa tuntuɓe da igiyar suna faɗowa kanmu, na baya suna taka na gaba. Na busa usur sau ɗaya, gwiwar wani ta tura mini shi cikin baki. Tsakiyar igiyar ta naɗe a jikin turken rumfa, waɗanda ke can ɓangaren suna ja, taro yana tura mu nan, duk nauyin ya taru a wuri ɗaya, a wuyan hannun ƙanwata. Na ga igiyar ta nutse cikin namanta har ba a ganinta. Ba ta ma iya kuka ba, baki kawai ta buɗe. Wani ƙato ya faɗo a kanta, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake, wani mai takalmin taya ya taka hannun ya wuce.

Na kwanta a kanta na sa bayana. Duka da taku ba irin wanda ban sha ba, amma ban ji su ba sai daga baya. Na kai hannu kugu neman wuƙa, na tuna tana makaranta. Na sa farce a ƙullin, ni da nake kwance shi ido rufe, ya zama kamar dutse, danshi da ja sun haɗe shi. Farcena biyu suka fita. Na sa haƙori ina gwaguyar igiyar kamar ɓera, ina cikin haka kulkin ɗan sanda ya sauka a ƙeyata, bakina ya bugi turken. Na tofar da haƙoran gaba tare da jini, na koma na ci gaba da gwaguya da na gefe. Yatsunta sun kumbura sun yi baƙi, ina gani, ina kiran sunanta, ba ta amsawa.

Wanda ya cece mu ba mutumin kirki ba ne a ranar. Wani saurayi ne cikin masu faɗan, riga a yage, ido jajir, ya shigo da adda a ɓoye ya kuma yi aiki da ita, don akwai jini a bakinta. Ya tsaya a kanmu ya ɗaga ta sama, na rufe ido na yi kalmar shahada. Sai na ji sara a jikin turken, igiyar ta saki. Ya ƙara sara ɗaya tsakanina da ita, ya zage ni da Dagbanci, yaren mutanen garin, ya ce wane mahaukaci ne ya ɗaure yara kamar awakin kasuwa, ya wuce abinsa. Ban taɓa sanin ko wane ne ba. Na saɓi ƙanwata a kafaɗa na bi ta bayan rumfa. Madam na gani zaune a ƙasa, kanta a fashe, tana ƙirga mu da yatsa tana kuka.

Sauran 'yan matan sun tsira da targaɗe da ƙujewa, madaukinsu bai shaƙe su ba. Ƙanwata kuwa likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya ragargaje, jini kuma ya daɗe bai kai yatsun ba. Da hannun ya fara wari aka yanke shi ƙasa da gwiwa. Ranar da abin ya faru uwarta ta same ni a tsakar asibiti, da ludayin kokonta a hannu, don daga bakin tukunya aka kira ta. Ta yi ta buga mini shi a kai har ya tarwatse, ta ci gaba da hannu. Babana yana tsaye, bai hana ta ba, ni ma ban kare ba. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, ta ce in riƙe, ba ta ce in ɗaure ba. Bayan an sallame su ta kwashe kayanta ta koma wajen danginta a Kanvili, har ta rasu ba ta ƙara amsa sallamata ba. Iyayen zango suka janye 'ya'yansu daga ƙungiyar, aka mayar da Madam Kudu, ni kuma na ƙona rigar da hannuna.

Ban rubuto don in ɓata aikin sikawut ba. Aiki ne mai kyau, abin da na koya a cikinsa ya amfane ni har tsufana, kuma ina jin daɗi in na ga 'yan mata yanzu suna fita taimakon jama'a. Kira nake ga malamai da shugabannin rukuni. Kada ku kai yara tsare taron manya, musamman na siyasa, komai daɗin bakin masu gayyata, don ranar da abu ya ɓaci ba mai tuna cewa yara ne. Kada malama ta gyaɗa kai ga abin da ba ta juyo ta duba ba. Duk dabarar da za ta hana yaro ɓacewa, ku tambayi kanku ko za ta bar shi ya gudu. In yaro ya ce muku abu ya yi masa ciwo, ku tsaya ku duba, ko da kuna ganin shagwaɓa ce. Ni na san doka, na haddace ta, na karya ta don haushin minti ɗaya da son a ce layina ya fi na kowa miƙewa.

Shekaru sun ja, na yi aure, ƙanwata ma ta yi. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa inda take ba, in na hango ta a kasuwa sai in canza layi. Sai bayan ta haifi ɗanta na fari ta aiko a kira ni. Na tafi, na shirya jin duk abin da za ta faɗa. Na same ta tsaye a tsakar gida, jariri a shimfiɗe, zane a kafaɗa. Ta ce Yaya, komai ta koya da hannu ɗaya, daka da wanki da girki, amma goyo ya gagare ta, kuma ta gaji da roƙon maƙwabta. Ta juya mini baya ta sunkuya. Na ɗora mata yaron, na ja zanen, amma na kasa matse shi balle in haɗa bakinsa. 'Ya'yanta duka ni na riƙa zuwa ina goya mata su, har na ƙarshe ya yi ƙafa. Kullum sai na tambaye ta ko ya matse, kullum sai ta ce in ƙara ja, yaron zai faɗi. Ban taɓa iyawa ba. Sai dai ta kama bakin zanen da haƙori ta ƙarasa da kanta.