Ƙwaryar Kawu Safiyanu

Kawu Safiyanu ƙanin mahaifiyata ne, masunci ɗan masunci, a wani ƙauye da ke bayan Kirikasamma. Dogo ne baƙi, ga faɗa kamar zakara, kuma har gobe bai yarda akwai kifin da ya kai na kogin Haɗeja daɗi ba.

A ƙauyensu akwai wata al'ada. Duk masuncin da ƙarfinsa ya ƙare, sai ya ɗauki ƙwarya ya zauna a gindin tsamiyar bakin ruwa. Wanda ya fito daga kamun kifi, kafin ya kai kifi gida, sai ya jefa wa kowane tsoho nasa. Ba sadaka ba ce, ba a ma godiya. Tsoho yana iya ɗaga kifin ya ce ya yi ƙanƙanta. Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana cika ƙoran nan. Tarwaɗa mai maiƙo yake zaɓa musu, matarsa Barira tana mita, shi kuwa ya ce ajiya yake yi, ranar da gwiwa ta gaza zai zo ya ɗauka. Tun da sauran ƙarfinsa ya sayi tasa ƙwaryar, ƙatuwa, ya rataye a ɗaki.

Sai kacala, doguwar ciyawar nan, ta toshe hanyoyin ruwa. Kifi ya ja baya. Samari suka watse, wasu Kano, wasu acaɓa a Haɗeja. Ranar da ciwon gwiwa da hawan jini suka sa Kawu ya sauko da ƙwaryarsa, masu zama a gindin tsamiya sun fi masu shiga ruwa yawa. Ɗan abin da aka jefa masa shi Barira ke bandawa ta sayar, a sayo magani.

Ni malamar makaranta ce, duk wata sai an yanki albashina, wai na fansho da na asibiti. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa mu ake tatsa, kuma wa ya san abin da za mu tarar. Ya harare ni, ya ce haka duniya take, tsoho daga hannun yaro yake ci. Raina ya ɓaci, na ce ai a zamaninsa hannuwan da yawa.

Hutun bara na raka shi bakin ruwa da hantsi. Ya zauna yana ba ni labarin lokacin da kwalekwale ke dawowa yana neman nutsewa don nauyin kifi, yana kiran sunayen abokansa, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Idonsa na kan ruwa. Kewar da ke muryarsa ta kama ni.

Can sai ga Auta, ɗan amininsa, magidanci mai iyali, ya fito da 'yan karfasa da ba su rufe gindin kwando ba. Ya tsaya nesa, ya dubi layin ƙorai, ya dubi kwandonsa, sannan ya taho yana jan ƙafa.

Kawu ya kife ƙwaryarsa, ya ɗora ƙafarsa mai ciwo a kai.

"Wuce, ɗana. Yau ba na marmarin kifi."

"Baba, ai haƙƙinka ne."

"Na ce ka wuce. Kai wa matarka Huseina ta dafa wa yara."

Tsohon da ke kusa da shi ya yi tsaki, ya yi ƙunƙuni, amma shi ma ya kife tasa. Auta ya wuce kansa a sunkuye.

A hanyar gida ni na riƙe masa ƙwaryar. Ya tambaye ni ko har yanzu ana yankar albashin, na ce ana yi. Sai ya ce, "Allah ya sa ki tarar da ruwa a naki kogin."

Yanzu ni ke sayen maganin, kuma na daina kai masa ƙorafi. Har yau duk hantsi sai ya je gindin tsamiyar. Barira ta ce rabonta da ganin ɓawon kifi a ƙwaryar tun ranar, amma kullum kafin ya fita sai ya sa ta wanke masa ita.