Matar da Ke Ƙirga Shekara Daga Ƙarshe

A ɗakin jiran jirgin ƙasa, wata dattijuwa ta shimfiɗa kalandar bango a cinyarta. Usur na rataye a wuyanta, takalman gudunta sun sha wanki har sun koɗe. Abin da ya ja hankalina shi ne daga ƙarshe take buɗe watannin. Ta ɗora yatsa a kan wata rana da ta kewaye da jan biro, tana ƙirgo makonni da baya da baya, leɓunanta na motsi.

Kusa da ita wata doguwar budurwa ce, tana ta karkaɗa gwiwa kamar bencin na cizonta. 'Yar tsere ce, ba sai an faɗa ba.

Dattijuwar ta ɗauki koren biro ta shafe mako uku cur, har da wata jar rana a tsakiya.

"Haba Mama Koci!" in ji budurwar. "Wannan ce fa gasar da na ci bara."

"Kin ci, aka goyo ki gida kamar jaririya. Kore hutu ne, ƙafar nan sai ta huce. Babbar ta ƙarshen shekara muke nema."

Budurwar ta turo baki.

Ina cikin tunanin inda matar nan ta koyi girmama hutu haka, sai aka kira jirginsu. Ta naɗe kalandar, ta dafa bango ta miƙe, tana jan ƙafar hagu, gwiwar ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Da alama a zamaninta ba wanda ya riƙe mata koren biro.