Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Rumbun Ɗalha

Duk ƙauyen Masanawa babu wanda ya kai Malam Ɗalha iya ajiyar hatsi. Da kaka yake saye, lokacin da manoma ke kakkaɓar da dawa a kasuwar Gwarzo, ya danne a rumbu, ya kama bakinsa sai damina ta yi nisa. Da haka ya yi aure, ya yi rufin kwano, ya mallaki shanun huɗa biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Ko da aka ƙara kuɗin mai kowa ya koma kuka, shi ko gezau. Matsalarsa ɗaya ce, kuma mai ban haushi: ya ɗauka komai na duniya dawa ne.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ya leƙa shagon ƙanin matarsa, Najmuddeen, mai gyaran kwamfuta a birni. Nan ya ga wani ɗan fallen abu mai ƙafafu rututu, aka ce masa furosesa ke nan, ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ya fi buhun gero tsada. Ɗalha ya gyara zama. Najmuddeen ya yi masa dalla-dalla kan ire-irensa. Celeron da araha, amma sai mai haƙuri. Pentium 4 akwai gudu, akwai kuma cin aljihu. Pentium 3 shi ke biyan kuɗinsa, ga shi tun da sabon ya fito farashinsa ke sauka.

Iyakar abin da ya shiga kunnen Ɗalha ke nan: kaya mai kyau ya faɗi, ba ya cin wuri, ƙwaro ba ya taɓa shi. Ai kakarsa ce ta zo! Najmuddeen ya rantse masa wannan kaya ƙasa kawai yake yi. Ɗalha ya yi masa kallon ɗan boko. Ai tunda sabo ya fito, tsohon zai yi ƙaranci. Wane kaya ne zai yi ƙaranci ya ƙi tashi?

Bawan Allah ya sayar da shanunsa, ya zuba kuɗin a Pentium 3, wai kafin ruwan shuka zai sayi waɗanda suka fi su. Matarsa Uwaliya ta yi magana har bakinta ya gaji. Ya nannaɗe kayansa da auduga, ya cika gwangwani, ya tusa cikin dawa.

Da hadari ya fara haɗowa, ya kwashe su sai birni. Ya bi shaguna har ƙafarsa ta kumbura. Mafi yawa ko kallo ba su yi ba, wanda ya taya kuwa kuɗin ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma don taurin kai har ya tambayi Najmuddeen ko a jira baɗi.

"Yaya, baɗi ko kyauta ka bayar, sai ka haɗa da roƙo."

Ya dawo ya tarar ruwa ya sauka, kowa na huɗa, tasa gonar tana kwance. Da safe ya nufi gidan maƙwabcinsa Sajo, wanda shekara da shekaru ke zuwa aron shanu wurinsa kafin ya sayi nasa. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar iyali. Sajo na tsaye yana jira, shi kuwa bakinsa ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi.