Mabuɗi a Ƙarƙashin Sirdi

Daga rumfarsa a bakin tasha, mai gyaran keke yana kallon wani dattijo mai tallan lemon kwalba, tsugune gaban tsohon kekensa. Rigarsa ta koɗe, kumatunsa sun lotsa. Da gani, keken nan ne ke ciyar da gida. Yana ɗaure lanƙwasasshen guntun ƙarfe a ƙarƙashin sirdi. Ya gwada da kwalba, murfi ya fita fit.

"Baba, da can da me kake buɗewa?" in ji mai gyaran keken.

Dattijon ya wangame baki, sai dasashi.

"Shekara talatin, ɗana. Haƙorin ƙarshe jiya ya tafi. Wanda ya sayi lemon ya ce in canja masa kwalba, wai akwai jini a bakinta."