Layin Gamba a Tsakiyar Gandu

A zamanin da nake tuƙin babbar mota, tafiya ba ta da wani dogon shiri. In zan tafi Chadi ko Sudan, sai in durƙusa gaban mahaifina ya yi mini addu'a, in ɗauki tabarma da buta in fita. Ban taɓa tambayar wa zai ciyar da iyalina ba, domin gandu yana nan. Gona ɗaya muke nomawa, na gida da na kan hanya duk haƙƙinsu ɗaya. Yanzu kuwa matafiyi sai ya yi shirin mutuwarsa kafin ya haɗa kayansa. A kan babban ɗana, wanda yake soja, na ga haka.

Ya zo mana ƙauyenmu na ƙasar Bagwai ana gab da shuka, mun gama kai taki gona. An zaɓe shi aikin sa ido a wata ƙasa mai nisa da ake yaƙi, kuma shi kaɗai, ba tare da rundunarsa ba. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Na zauna a garuruwan da babu mai jin Hausa, na san yadda mutum yake kwanciya da zazzaɓi ba mai ce masa sannu da harshen gidansu. Ni da nake da Larabci da ɗan Faransancin da na tsinta a tasha ma na ji jiki.

Uwarsa ba ta yi masa magana kai tsaye, ɗan fari ne. Sai ta shiga daka. Yaji, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, duk ta tara masa a ƙofar ɗaki. Ya ce ai a jirgi auna kaya ake yi, ko rabi ba za a bar shi ya ɗauka ba.

"A faɗa wa wancan," ta ce da ƙaninsa, idonta a kan turmi, "ya rage ƙattin takalman nan ya sa daddawa. Takalmi zai ci a can?"

Washegari muka fita gona mu uku: ni, da shi, da ƙanin nasa wanda yake riƙe da noman tun da gwiwoyina suka gaza. Muna tsaye a gindin ɗorawa babban ya ce, "Baba, an ce kowa ya gyara al'amuran gidansa kafin ya tashi. Ina so a nuna wa matata inda yake na yarana, ko da ban dawo ba."

Ƙaninsa ya ajiye sungumi. "Yaya, wato ni ne zan bar 'ya'yanka da yunwa?"

"Ban ce ba."

"To me ka ce? Baba yana tsaye da ƙafarsa kana rabon gado?"

"Na raka gawar wani abokin aikina garinsu," ya ce. "Ko sadakar arba'in ba a yi ba, 'yan'uwansa suka sayar da gonar. Ba kai nake tsoro ba. Amma ka ga yadda gonakin Bacirawa da ke gefen birni suka koma fuloti, wata rana nan ma za a zo."

"Sai ka tafi da ita a jakarka," in ji ƙanin, ya juya mana baya.

A wurinmu ba a raba gandu uba yana da rai. A Sudan na ga gonar da ido ba ya kai ƙarshenta, ko an yanki wani gefe ba mai ji a jikinsa. Tamu kuwa ba ta da yawa, kuma kowace kunya ta sha takin da kakana da mahaifina suka yi ta kaiwa a kan jaki. Ina da ikon in ce a'a, a rufe maganar. Amma na dubi fuskar babban, na ga tun zuwansa ba ya barci. Mutumin da zai tsaya shi kaɗai tsakanin masu harbin juna bai kamata hankalinsa ya kasance a gida ba.

Na kira liman da mai unguwa suka shaida. Aka ja layi daga ɗorawar zuwa hanyar shanu, aka dasa saiwar gamba a kai. Ƙanin ne ya haƙa ramukan da hannunsa. Da na miƙa hannu zan taya shi, ya ce, "Bari, Baba, gwiwarka."

Ranar tafiya ya zaga gida-gida yana neman gafara. Ƙaninsa ya kai shi bakin titi a babur, jakar tana kan tanki. Na tambayi ƙanin da ya dawo ko sun yi magana a hanya. Ya ce ya yi masa Allah ya kiyaye.

Ɗana ya dawo da ransa, a rame, ba ya son yawan surutu. Ya tarar an nome masa gefensa tsaf, an zuba hatsin a wuri dabam. Ba wanda ya ce a tuge gambar, ni ma ban ce ba. Shi da ƙaninsa suna gaisawa, suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Amma tun daga daminar nan 'ya'yana ba su sake noma tare ba, kuma gandun gidanmu a kaina ya ƙare.