Idon Goggo da Motar da Ke Riƙe Birkinta

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da na mayar da Goggo gida Kebbe a motar yayana ba za ta bi su ba. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar wallahi gumi na yi har rigata ta manne da kujera.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta raine mu. Yanar ido ta rufe mata gani har ta koma gane mu da murya, aka kai ta Sakkwato aka yi mata aiki. Ta ɗan yi jinya a wurina a Tambuwal, tana gani dishi-dishi, sannan ta kafe sai ta koma ɗakinta. Likita kuwa ya ja mana kunne: kada ta sunkuya, kada ta ɗauki nauyi, kada a jijjiga ta. Babur ya fita daga zance ke nan, tsohuwar motata kuma ko mai lafiya ta ɗauka sai ya sauka da ciwon baya. Sai yayana ya ba ni aron sabuwar tasa, irin mai canja giya da kanta.

Da zai ba ni makulli ya nuna mini wani madanni kusa da giya. Ya ce, "Ka ga wannan, a kunne yake. In ka taka birki ta tsaya, ɗauke ƙafarka, ita za ta riƙe kanta. Sai ka taɓa totur za ta saki." Na ce kai, duniya ta ci gaba! Ban ƙara tambayar komai ba, ni da na daɗe ina tuƙi.

Hanyar Kebbe, wanda ya san ta ya san ta. Na bi ta kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Babura suna ta wuce mu, wani har ya leƙo ya ce, "Malam, ko mai ya ƙare?" Ban kula shi ba. Goggo tana baya da baƙin tabarau, tana jan carbi tana sa mini albarka. Muka shiga gari lafiya lau, na fara yaba wa kaina.

Ashe aikin yana lungun gidanmu. Lungun matsattse ne, ga yashi, katanga a dama, rumbunan maƙwabta a hagu, labarin zuwanmu kuma ya riga mu. Ka san mutanenmu: ba ka wuce babba kana cikin mota ka ɗaga masa hannu kawai. Sai ka tsaya cak, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi mai jiki. Na tsaya wa limamin unguwa, muka gaisa. Na ɗauke ƙafa daga birki ina jira motar ta silala a hankali. Shiru, ta ƙame. Na taɓa totur, sai ta zabura kamar an tsikare ta. Kan Goggo ya yi baya ya dawo.

"Innalillahi! Mi na na?" in ji ta, ta dafe tabarau.

Na ce, "Ba komai, Goggo, dutse ne."

Ba mu yi nisa ba wata tsohuwar ƙawarta ta tare hanya, hannu biyu a sama. Ina zan wuce ta? Na tsaya, mota ta riƙe. Aka gama gaisuwa, na taɓa totur, ta sake fizga. Gaba kaɗan ga dattawan majalisa sun miƙe gaba ɗaya. Haka muka riƙa tafiya, tsayawa ɗaya tsalle ɗaya. Raina ya ɓaci, ina amsa "lafiya lau" da baki, ciki kuwa ina roƙon Allah ya sa kowa ya koma gidansa.

Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, idon ga sabo na! Kak ka zubda min shi cikin lungu!"

A ƙofar gida abin ya kai maƙura. Ina so in daidaita mata ƙofar mota da zaure don kada ta yi tafiya, sai na ɗan yi gaba, na ɗan yi baya, kowane motsi da fizgarsa. Na ƙarshen ya kai ni gindin rumbun maƙwabcinmu, ƙwas! Kaji suka watse. Sai na ji Goggo ta ce a hankali, ba da muryar faɗa ba, "Idon nan ruwa shika yi." Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ce shi ke nan, da hannuna na ɓata aikin da ta yi shekaru tana jira. Ta buɗe ƙofa, ƙawarta ta kama mata hannu, ta shige gida da ƙafarta.

Na kira yayana na faɗa masa abin da ya faru. Ya fara tambayar Goggo, sannan ya ce, "To ka kashe abin mana! Na cunkoson titi ne da tsayuwa a gangare, ba na lungu ba. In za ka lallaɓa, danna shi ya mutu, ka bar ta ta silala, ƙafarka na kan birki." Na danna. Ƴar koriyar fitilar da ke nuna abin a kunne yake ta ɗauke, mota ta ja da baya sumul, ba ko fizga.

Washegari na ce sai mun koma wurin likita. Goggo ba ta shiga motar ba sai da na rantse mata na ɗaure aljanin da ke sa motar fizga. Likita ya haska, ya duba, ya ce babu abin da ya taɓu, hawayen ma ba wani abu ba ne. Ya ce ta cire tabarau ta faɗa masa abin da take gani. Ta juyo ta zuba mini ido, ta daɗe.

"Ga shi nan, wanda yas so ya maishe ni makauniya," in ji ta. Sai muryarta ta yi laushi. "Ashe har hurhura ka yi, ban sani ba."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Tun daga ranar, duk abin da aka ba ni aka ce zai sauƙaƙa mini aiki, ba na tsayawa ga yadda ake kunna shi. Sai na tambayi inda bai dace ba, da yadda ake kashe shi, kafin in ɗora masa wanda nake ƙauna.